Laifin da Aka Ɗora wa Jiƙon Inna

Tun kafin a haife ni mahaifiyata take haɗa magani a Maiyama. Inna muke ce mata. Saiwa da sassaƙe take jiƙawa, na basir, na shawara, da na mai jego da cikinta ya ƙi kwanciya. Ranar kasuwa takan shimfiɗa buhu a gindin dogonyaro ta jera ƙullin saiwoyinta, mata su zo tun daga Gumbin Kure su zagaye ta. Idan ta ga ciwo ya fi ƙarfinta ba ta ɓoyewa, sai ta ce, "Wanga na asibiti ne, ki tahi da shi tun da sauran ƙarfi." Saboda wannan halin ne mutane suka yarda da ita.

Ni kuwa aure ya kai ni Jega, inda nake koyarwa a makarantar firamare. Maigidana ɗan kasuwar albasa ne. Yakan saya a Aliero lokacin da take da araha, ya zuba a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa albasar, in ta yi daraja ya loda a mota ya bi ta Kudu. Mutum ne mai ban dariya da sakin hannu. Yana son Inna, ko kuma haka na ɗauka. Ba ya wuce Maiyama bai tsaya ya gaishe ta ba, kuma "Innarmu" yake kiranta. Shi da bakinsa ya roƙe ta jiƙon basir, don zaman mota na kwana da kwanaki yana wahalar da shi. Ta cika masa galan, yana shan rabin kofi kowace safiya.

A shekara ta shida da aurenmu, cikin bazara, na fara ganin abin da ban gane ba. Wata rana ya dawo daga sallar la'asar da silifa ɗaya a ƙafa. Na tambaye shi ina ɗayar, ya dubi ƙafarsa yana mamaki. Ta zame a hanya bai ji ba. Muka yi dariya mu biyu. Bayan kwanaki ya ce tafin ƙafarsa kamar kiyashi na yawo a ciki. Sai yatsun hannu, ya zama maɓallin wuyan riga sai na saka masa. Na kuma ga wata ƙuna a cikin cinyoyinsa, dama da hagu, ta yi bororo. Ya ce salansar babur ce. Ban tsaya na tambayi kaina yadda salansa ɗaya za ta ƙona cinya biyu ta ciki ba. Na shafa masa man ƙuna, na yi masa faɗan ganganci.

Halinsa ma ya sauya. Ya yi saurin fushi, yana manta maganar da muka yi da safe. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne alwala. Duk lokacin da ya rufe ido zai wanke fuska sai ya yi baya kamar an ture shi. Ranar da ya faɗi ya fasa goshi a bakin rijiya, na aika aka kira mahaifiyarsa.

Hajiya, surukata, mace ce da ake shakka a danginsu. Ta zo da hantsi tare da yayan maigidana, suka zauna a tsakar gida, maigidana yana kan tabarma ya miƙe ƙafafu. Ta matsa masa ƙafa ta ce yana ji, ya ce kaɗan. Sai ta dube shi ta ce, "Ka gaya min gaskiya. Mi ka ci, mi ka sha, da ba ka saba ba?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ina tsaye a ƙofar madafa da buta a hannu.

"Ban sha komi ba," in ji shi. "In ban da jiƙon nan na Maiyama."

Hajiya ta ce in kawo galan ɗin. Na kawo. Ta buɗe ta shinshina, ta rufe, ta ajiye a gefenta, ba ta dube ni ba. Da za su tafi ta tafi da galan ɗin.

Tsakanin Jega da Maiyama ba nisa, kuma direbobi ba sa riƙe magana. Kafin kasuwa biyu ta ci, labari ya game cewa maganin Inna ya shanye wa surukinta ƙafafu. Aka ƙara gishiri. Wasu suka ce ta haɗa da saiwar da ba a sha, wasu suka ce tsufa ya sa ta daina bambance itace. Ƙanwata ta kira ni ta ce Inna ta wuni a gindin dogonyaro, mutum biyu kacal suka tsaya, su ma tambaya suka zo yi.

Inna ba ta jira an kira ta ba. Ta shigo mota ta zo Jega da ƙullinta, ta sauka gidan Hajiya, aka aiko na je. A gabanmu ta kwance ƙullin ta jera saiwoyin a kan faifai, tana ɗaga kowace tana faɗin sunanta da inda ta haƙo ta. Sannan ta ce a kawo galan ɗin. Ta tsiyaya cikin kofi ta shanye, ta ƙara ta shanye.

Hajiya ta ce, "Ai ba mu ce da gangan kinka yi ba. Kuskure kowa na yi."

Na ga yadda maganar ta shiga Inna. Ta tattara saiwoyinta a hankali, ta ce tana son ta duba mara lafiya. Muka zo gida. Yana kwance a ɗaki. Ta durƙusa a bakin katifa, tsohuwa da ita, ta kama ƙafarsa tana shafawa, ta ce, "Ɗana, in daga hannuna wanga abu ya hito, ka yahe min."

Ya ce, "Inna, ƙaddara ce. Ni na yahe."

Ta yi masa godiya. Har yau ban manta da wannan godiyar ba.

Akwai nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da na raka ta tasha, muna jiran mota ta cika, na ce, "Inna, ko dai wata saiwa ta shige miki? Kin san idonki ba kamar da ba." Ta juyo ta dube ni. Da mota ta tashi ba ta ɗago mini hannu ba. Bayan mako guda ƙanwata ta gaya mini Inna ta kwashe kayan maganinta kaf ta zuba a bola, ta daina fita kasuwa.

Daga nan muka shiga neman magani. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kawo mai tausa daga Fagada. An daina jiƙon, amma ciwo sai gaba yake yi. Hajiya ta ce dafin ne ya riga ya bi jini. A cikin wannan hali abu ɗaya ne maigidana bai yarda ya bari ba, zuwa Aliero. Kwana biyu, uku, sai ya ce dole ya je ya duba albasa kada ta ruɓe. Wani abokin kasuwancinsa yakan zo da babur, mu tallafa masa ya hau, ya rungume abokin ta baya su tafi. Ina tsayawa a ƙofar gida ina jin tausayinsa, ina cewa ga mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa amma yana fafutukar iyalinsa. Yakan dawo da yamma leɓɓansa sun yi duhu, yana kukan ciwon kai, ya kwanta ba ya son magana. Na ɗauka wahalar hanya ce.

Mun kai wata huɗu a haka. Sai ya fara kasa riƙe fitsari. Ranar da abin ya same shi a gaban baƙi, yayansa ya ce ya isa, gobe sai asibiti. Maigidana ya yi ta gardama, ya ce asibiti ba su san irin wannan ba. Yayan bai saurare shi ba, ya samo mota muka tafi Birnin Kebbi.

Likitan da ya gan mu ba shi da yawan magana. Ya sa shi ya rufe ido a tsaye, ya yi luu zai faɗi muka tare. Ya kama babban yatsan ƙafarsa yana ɗagawa yana saukewa, yana tambaya sama ne ko ƙasa, maigidana yana ta canka ba daidai ba. Ya buga wani ƙarfe mai rawa ya ɗora masa a idon sawu, bai ji komai ba. Da ya sa aka naɗe wandon ya ga tabon cinyoyin nan, sai ya dakata. Ya roƙi yayan ya ɗan jira a waje. Ni ya bar ni don ni ke tallafe da shi.

Ya ja kujera ya zauna dab da shi, ya yi ƙasa da murya. "Malam, ba don in kunyata ka ba. Kana shaƙar iskar nan ta balan-balan?"

Ban ma gane tambayar ba. Na buɗe baki zan ba shi labarin jiƙo da salansa, sai na ga maigidana ya sunkuyar da kai.

Likitan ya ce, "Wannan tabo ba zafi ya yi shi ba, sanyi ne. In mutum ya matse tukunyar iskar a tsakanin cinyoyinsa yana cika balan-balan, ƙarfen yakan yi sanyin da ke ƙona fata. Na ga irinsa. In ka gaya mini gaskiya zan san abin da zan yi maka."

Maigidana ya ce, "Tun bara."

Likitan ya juyo ya yi mini bayani, don ya ga ni ce ban san komai ba. Ya ce sunanta iskar dariya. A asibiti ana amfani da ita wajen cire haƙori da makamantansu, a gauraye da iskar numfashi, na ɗan lokaci, ma'aikaci yana tsaye. Amma yanzu ana sayar da ita a tukwane, mutane na ɗura ta a balan-balan suna zuƙa don wani shawagi da ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, shi ya sa ake yi ana maimaitawa. Ya ce tana kashe aikin wani sinadari a jiki, bitamin B12, wanda shi ke kiyaye jijiyoyi da lakar baya. In ya daina aiki sai jijiyoyi su fara lalacewa daga yatsu zuwa sama, har ta taɓa tunani. Wani kuma tun a wurin shaƙar yake suma, don ta kore masa iskar numfashi, kuma ba kowa ke farfaɗowa ba.

Na ce, "Likita, jiƙon saiwa na iya kawo wannan?"

Ya ce, "Ban ga jiƙon ba, ba zan yi rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Amma kin ce an daina shi wata huɗu, ciwo bai tsaya ba. Wannan kuwa ba a daina ba." Ya dubi maigidana. "Yaushe rabonka da ita?"

"Shekaranjiya."

Shekaranjiyar nan ni na ɗaga masa ƙafa ya hau babur.

Aka kwantar da shi, aka yi gwajin jini, aka fara yi masa allurar bitamin ɗin. Likitan ya ce allura ba za ta yi amfani ba muddin ya sake zuƙa ko sau ɗaya. Ya ce wani abu zai dawo, wani kuma mai yiwuwa ba zai dawo ba, don an daɗe. Da an zo tun lokacin kiyashin tafin ƙafa, in ji shi, da magana ta fi sauƙi.

Washegari na bar yayan a wurinsa na ce zan je gida ɗauko kaya. Ban tsaya Jega ba, na wuce Aliero. Ban taɓa zuwa rudunsa ba, sai da na yi tambaya. Tun daga nesa warin ruɓaɓɓiyar albasa ya tare ni. Ba wanda ya juya ta, ba wanda ya tsince ta, rabi ta zama ruwa. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin rumfar. Tukwane ne a jere, dogaye kamar na kashe gobara, wasu da zanen 'ya'yan itace a jiki. Ƙasa kuwa fasassun balan-balan ne, ja da shuɗi da rawaya, sun cakuɗe da ɓawon albasa.

Abokin nasa ya hango ni ya taho yana sosa ƙeya. Na ce masa abu ɗaya nake son sani, su wa suka san da wannan.

Ya ce, "Wallahi shi ya ce kar in hwaɗi. Can Kudu munka koya, wurin jiran a sauke kaya. Ni na bari da na ga abin da ya same shi."

"Ka bari, amma kana kawo shi."

Na sake tambaya su wa suka sani. Ya ce masu lodi sun sani, direbobi da yawa sun sani. Wato mutanen da suka kai labarin Inna Maiyama, a cikinsu akwai waɗanda suka san ainihin abin da ke faruwa. Na ɗauki tukunya ɗaya da ba komai a ciki na saka a jakata.

Da na koma asibiti na jira yayan ya fita sallar azahar, na matsa kusa da maigidana. Na ce, "Ranar da Hajiya ta tambaye ka, ka san ba jiƙon ba ne?"

Ya juya fuska bango. Ya ce akwai wani da suke yi tare a Kudu, shi ma haka ƙafafunsa suka fara, don haka ya yi zato. Ya ce tsoron Hajiya ya ji, galan ɗin ne ya faɗo masa a rai, bakinsa ya suɓuce. Da ya faɗa kuma ya rasa yadda zai janye.

Na ce, "Ta durƙusa a gabanka. Ka ce ka yahe mata."

Ya fara kuka. Na zauna ina kallonsa, ina jiran in ji tausayin da na saba ji, bai zo ba. Na tashi na zubar da fo ɗin fitsarinsa na wanke, don lokacin yin hakan ya yi.

Na yi zaton iyakar abin ke nan, ashe da saura. Da aka sallame mu, yayan ya gaya wa Hajiya gaskiya. Ta kira ni ɗakinta, ta ba ni wuri kusa da ita, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Ɗiyata, mijinki ne, uban ɗiyanki. In wagga magana ta hita, ba shi da sauran mutunci ga kasuwa. A ce ciwon jijiya ne likita ya gani. Ki ruhe muna asiri."

Na ce, "To Inna fa?"

Ta ce, "Wancan zance zai mutu da kainai. Mutane na mantuwa."

Shi ma da na koma gida abin da ya roƙe ni ke nan. Bai ce in kai shi Maiyama ba. Cewa ya yi in rufa masa asiri.

Ranar kasuwar Maiyama na shiga mota da jakata. Na sami Inna a tsakar gida tana tsinkar zogale, ta rame har wuyanta ya fito. Na fito da tukunyar na ajiye a gabanta, na gaya mata komai, tun daga tambayar likita har zuwa rudu. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama, abin da ta fara tambaya shi ne ko zai warke. Na ce likita ya ce wani abu zai dawo. Ta ce Allah ya sa. Sannan ta ce, "Wata huɗu ina lissahin saiwoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda na ɓata. Har na hwara ganin kamar na tuna ta."

Na roƙe ta gafarar maganar da na yi mata a tasha. Ta ce, "Ta kowa ta wuce ni. Taki ce ta zauna."

Daga gidan na wuce kasuwa, gindin dogonyaron nan, inda wata mai daddawa ta riga ta gaje wurin. Matan da suka san ni suka taso gaisuwa, suna tambayar mai jiki da irin muryar da ake yi wa 'yar mai laifi. Na fito da tukunyar na nuna musu. Na ce ga abin da ya shanye wa mijina ƙafafu, ba jiƙon uwata ba, kuma duk mai ɗa ko miji da ke bin mota ta san kamanninta. Ban ɗaga murya ba. Wata tsohuwa ta karɓa ta jujjuya, ta ce ta taɓa ganin irinta a ɗakin jikanta, ta ɗauka ta fenti ce.

Kafin in isa Jega labari ya riga ni. Hajiya ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Maigidana ya yi kwanaki ba ya yi mini magana, ni kuma ban nema ba. Sai da ya fara takawa da sanda, wata rana da safe ya ce in raka shi Maiyama. Ya shiga gidanmu yana jan ƙafa, ya kasa durƙusawa, ya zube a ƙasa ya faɗi abin da ya yi. Inna ta ce ya tashi, ta yafe, ta sa aka kawo masa fura. Amma ba ta koma haɗa magani ba. Mata sun yi ta zuwa har gida suna roƙo, tana ce musu hannunta ya daina yarda da kansa.

Yanzu shekara biyu ke nan. Hannayensa sun dawo, fitsarin ma ya daidaita. Ƙafar dama ta yi ƙarfi, ta hagu har yanzu ja yake yi, kuma bai san inda take ba sai ya kalle ta. Harkar albasa ta koma hannun yayansa, shi yana zama a shagon wani ɗan'uwansu a cikin gari. Ya ce bai sake zuƙa ba. Ina ganin gaskiya ne, amma nakan duba, kuma ya san ina dubawa.

Masu gashin ƙashi sun ce ya riƙa tafiya kullum. Saboda haka kowace safiya, kafin in tafi makaranta, yakan bi jikin katangar gida daga zaure zuwa rijiya ya dawo, hannu ɗaya a bango. Wajen juyawa ne yake tangaɗi, sai ya ce in riƙe shi. Ina riƙe masa gwiwar hannu har ya daidaita, sannan in saki. Hira ce dai ba mu cika yi ba.